Sunan Uwaisu: ma'anarsa, asalinsa, da abin da ya sa ba a cika jin sa ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Allah ya ba mu ƙaruwar ɗa namiji, kuma tun kafin a haife shi zuciyata ta kwanta da sunan Uwaisu. Da na faɗa, sai wani abokina da ya yi karatun Larabci ya ce ma'anarsa "ɗan kerkeci", wai bai dace a sa wa yaro sunan dabba mai cin nama ba. Yayana kuma ya ce ai Uwaisu ba sahabi ba ne, kuma shi tun da yake bai san masu sunan ba sai ɗaya ko biyu. Don Allah mece ce gaskiyar ma'anar sunan, daga ina ya fito, me ya sa ya yi ƙaranci, kuma da laifi in na sa wa ɗana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da arziki, Allah ya raya shi bisa tafarkin Musulunci, ya ba mai jego lafiya.

Babu laifi ko kaɗan, suna ne mai kyau, ni kaina ina cikin masu son sa. Abokinka ya faɗi gaskiya a kan ma'anar, sai dai ya tsaya a rabin hanya, hukuncin da ya ɗora a kai kuma bai zauna ba. Yayanka ma gaskiya ya faɗa cewa Uwaisu ba sahabi ba ne, amma idan ya ji abin da ya hana shi zama sahabin, ina kyautata zaton shi zai riga ka kiran yaron da sunan.

Mu fara da kalmar. Uwais Larabci ne, ana rubuta shi أُوَيْس, kuma ya fito ne daga Aus. Larabawa suna da wani salo da malaman sarfu ke kira tasgiri, wato ƙanƙanta kalma: a yi wa harafin farko rufu'a, a yi wa na biyu wasali bisa, sannan a sako harafin ya mai ɗauri a bayansa. Ta haka Hasan ya koma Husaini, Abdu ya koma Ubaidu, Asad ya koma Usaidu, Sahal ya koma Suhailu, Aus kuma ya koma Uwais. Ƙanƙantawar nan takan zo don raini a wasu wuraren, amma a sunayen yara mafi yawa don ƙauna da tausasawa ce. Luƙmanu da zai yi wa ɗansa nasiha a Alƙur'ani "ya bunayya" ya ce, ya ɗan ƙaramin ɗana, kowa ya karanta ya san so ne ke magana. Haka Annabi (SAW) yake zolayar ƙanen Anas ɗan Malik yana cewa "Ya Aba Umair, ma fa'alan nugair", yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Kalmomi biyu a jimla guda, duka an ƙanƙanta su.

Shi kuma Aus, ƙamusoshin Larabci sun ba shi ma'ana biyu. Ta farko kerkeci, dabbar nan da 'yan'uwan Annabi Yusufu suka ɗora wa laifin da ba ta aikata ba. Har ma Uwais ɗin kansa, a haka yadda yake a ƙanƙance, yana cikin sunayen da Larabawa ke kiran kerkeci da su a waƙoƙinsu. Ta biyu kyauta, musamman abin da aka ba mutum a madadin wani abin da ya rasa. Daga wannan ma'ana ta biyu aka sami sunan Iyas, kamar Iyas ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra da ake buga misali da shi wajen kaifin basira. To ka ga Uwais yana ɗaukar "ɗan kerkeci", yana kuma ɗaukar "'yar ƙaramar kyauta". Ta farkon ta fi shahara, kuma ban ga dalilin ɓoye ta ba. Za ka ci karo da masu rubuta cewa ma'anar sunan ita ce "masoyin Annabi" ko "mai tsoron Allah". Waɗannan siffofin mutumin da ya shahara da sunan ne, kalmar ba ta nufin haka. Son suna ba ya halatta a ƙirƙira masa ma'ana.

Yanzu ga inda abokinka ya zame. Idan sunan dabba aibi ne, to sunaye da yawa da muke tinƙaho da su sun shiga uku. Usama zaki ne. Haidar zaki ne, kuma Sayyidina Aliyu da bakinsa ya yi kirari da shi ranar Khaibar, ya ce shi ne wanda uwarsa ta raɗa wa Haidara. Hafsu ɗan zaki ne, daga nan aka sami Hafsatu. Namir damisa ce, Fahad wani danginta ne mai tsananin gudu. Abu Huraira, wanda ya fi kowane sahabi yawan ruwaito hadisi, laƙabinsa na nufin mai 'yar kyanwa, shi ma tasgiri ne. Bakar da ke cikin Abubakar matashin raƙumi ne. Usman kuwa, in ka buɗe ƙamus, za ka tarar ɗan tsakon wani tsuntsun daji ne da ake kira hubara, ko kuma ɗan maciji. Wa ya taɓa jin an ce a daina sa Usman?

Shi kansa kerkecin ba baƙo ba ne a gidajen mutanen kirki. Halimatus Sa'adiyya, wadda ta shayar da Annabi (SAW), 'yar Abu Zu'aib ce, Zu'aib kuwa ƙanƙantawar zi'ib ne, wato kerkeci tsagwaronsa. A Madina, zamanin Imamu Malik, an yi babban malami mai faɗin gaskiya a gaban sarakuna da aka fi sani da Ibn Abi Zi'ib, ya rasu a shekara ta 159 bayan hijira. Ɗaya daga cikin ƙabilu biyu na Ansar da suka karɓi Annabi Aus ce sunanta, 'yar'uwar Khazraj, kuma daga cikinta Sa'ad ɗan Mu'azu ya fito. Akwai sahabbai masu amsa Aus, kamar Aus ɗan Samit, mijin Khaula wadda farkon Suratul Mujadala ya sauka a kan kukanta.

Balaraben jeji yana kallon kerkeci ta fuska biyu. Ya san shi da yaudara da ɓarnar dabbobi, yana kuma yaba masa farkawa, da haƙurin yunwa, da rashin yarda a shammace shi, har mawaƙansu na cewa da ido ɗaya yake barci. Wannan fuska ta biyu ake nufi idan an sa wa yaro. An ruwaito cewa an tambayi wani Balaraben ƙauye me ya sa suke sa wa 'ya'yansu sunaye masu ban tsoro irin su Kalbu da Zi'ibu, bayinsu kuma su sa musu masu daɗi irin su Marzuƙu da Rabahu. Ya ce 'ya'yanmu don abokan gaba muke sa musu suna, bayinmu kuwa don kanmu.

Hujjar da ta fi duk waɗannan ƙarfi ita ce Annabi (SAW) ba ya ƙyale mummunan suna. Ya mayar da Asiya, mai harafin sadi, wadda ke nufin mai saɓo, ta koma Jamila. Ya canza Barra saboda akwai yabon kai a ciki, ta koma Zainab. Wani mutum mai suna Hazn, wato ƙasa mai tauri da gargada, ya zo masa, ya ce masa kai Sahal ne, mutumin ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba. Jikansa Sa'idu ɗan Musayyib ya ce tun daga nan tsauri bai rabu da gidansu ba. Suna linzami ne, kuma Annabi ya fi kowa sanin haka. Duk da wannan kulawa bai taɓa canza wa Usama suna ba, bai canza wa Aus ba, sunan Uwais kuwa da bakinsa mai albarka ya ambace shi a wurin yabo. In da akwai aibi a ciki, nan ne wurin faɗa.

Wannan ya kawo mu ga mutumin, domin duk wanda ya sa wa ɗansa Uwaisu a yau ba kerkeci yake tunawa ba, shi yake tunawa.

Sunansa Uwais ɗan Amir, mutumin Yaman, daga dangin Ƙaran na ƙabilar Murad. Ya rayu a zamanin Annabi (SAW), ya yi imani da shi, amma ba su taɓa haɗuwa ba. Irin waɗannan mutane, malaman hadisi na kiran su mukhadramai, ana kuma lissafa su cikin manyan tabi'ai, wato waɗanda suka haɗu da sahabbai amma ba su haɗu da Annabi ba. Malamai sun bayyana cewa hidimar mahaifiyarsa ce ta tsare shi a Yaman. Ka tsaya ka auna wannan. Ganin Annabi sau ɗaya cikin imani ya isa mutum ya zama sahabi, darajar da duk ibadar waɗanda suka zo daga baya ba za ta kai ta ba. Uwais ya san Annabi yana raye a Madina, ayarin Yaman na tafiya suna dawowa, shi kuwa yana zaune gaban tsohuwa.

Labarinsa ingantacce yana cikin Sahihu Muslim, a babin falalarsa, ta hanyar Usair ɗan Jabir. Sayyidina Umar, a zamanin halifancinsa, duk lokacin da dakarun ƙarin ƙarfi suka iso daga Yaman sai ya tambaye su, akwai Uwais ɗan Amir a cikinku? Yana ta tambaya har ranar da aka yi dace. Ya ce kai ne Uwais ɗan Amir? Ya ce ni ne. Daga Murad, sannan daga Ƙaran? Ya ce haka ne. Ka taɓa yin albaras ka warke, sai wuri ɗaya gwargwadon dirhami? Ya ce haka ne. Kana da mahaifiya? Ya ce ina da ita. Sai Umar ya gaya masa cewa ya ji Manzon Allah (SAW) yana cewa Uwais ɗan Amir zai zo muku tare da dakarun Yaman, ya siffanta shi da waɗannan alamomin, ya ce yana da mahaifiya da yake yi wa biyayya, da zai rantse a kan Allah da Allah ya kuɓutar da rantsuwarsa, in ka sami hali ya nema maka gafara to ka yi. Umar ya ce ka nema mini gafara. Uwais ya nema masa.

Ka tuna wanda ke roƙon. Umar ne, Sarkin Muminai, wanda aka yi wa bushara da Aljanna tun yana raye, yana neman addu'ar baƙon da ko mutanen ayarinsa ba su ɗauke shi bakin komai ba.

Sannan Umar ya tambaye shi ina ya nufa, ya ce Kufa. Ya ce in rubuta maka takarda zuwa ga gwamnanta? Uwais ya ce zama cikin talakawan mutane, waɗanda ba a san da su ba, ya fi soyuwa gare ni. A wurina wannan amsa ita ce zuciyar labarin. Takarda guda daga hannun Umar ta isa ta buɗe masa kowace ƙofa a Kufa, ya ce a bar shi.

Da shekara ta zagayo, wani daga cikin manyan mutanen can ya zo aikin hajji, ya haɗu da Umar, Umar ya tambaye shi labarin Uwais. Ya ce na baro shi a wani gida duk ya tsufa, ba shi da wasu kaya. Umar ya maimaita masa hadisin. Mutumin na komawa ya nufi wurin Uwais ya ce nema mini gafara. Uwais ya ce ai kai ne ka dawo daga tafiya mai albarka, kai za ka nema mini. Da mutumin ya nace, sai Uwais ya gane, ya ce ka haɗu da Umar ko? Ya ce na haɗu da shi. Ya nema masa gafarar. Da mutane suka farga da ko shi wane ne, sai ya bar wurin ya kama gabansa. Usair ya ƙara da cewa ya taɓa ba shi mayafi, duk wanda ya gan shi da shi sai ya ce ina Uwais ya samo wannan? Talaucinsa ya kai a ga sabon mayafi a kafaɗarsa a yi mamaki. Wata ruwayar a wurin ma ta nuna cewa cikin tawagar Kufa da ta je wurin Umar akwai wanda ya saba yi wa Uwais ba'a.

A nan ne kuma Muslim ya kawo faɗin Annabi (SAW) cewa mafi alherin tabi'ai wani mutum ne da ake ce wa Uwais. Wannan ya sa malamai tattaunawa, domin an ruwaito daga Imamu Ahmad cewa mafificin tabi'ai Sa'idu ɗan Musayyib ne, jikan Hazn ɗin nan da na ambata. An ce mutanen Madina Sa'idu suke gabatarwa, mutanen Basra Hasanul Basari, mutanen Kufa kuwa Uwais. Imamu Nawawi ya daidaita zancen da cewa Sa'idu ya fi a fagen ilimi, tafsiri da hadisi da fiƙihu, Uwais kuma ya fi a alheri wurin Allah. Wannan bayani ya gamsar da ni. Uwais bai bar littafi ba, bai bar makaranta ba, ba a dogara da shi wajen ruwayar hadisi kamar sauran manyan tabi'ai. Abin da aka shaide shi da shi biyayyar uwa ce, da addu'a karɓaɓɓiya, da gudun a san shi.

Mafi yawan masu tarihi sun tafi a kan cewa ya yi shahada a yaƙin Siffin, shekara ta 37 bayan hijira, daidai da 657 miladiyya, yana cikin rundunar Sayyidina Aliyu. A garin Raƙƙa na Siriya, kusa da filin yaƙin a bakin kogin Furatu, an gina masallaci a kan kabarin da ake jingina masa, kusa da na Ammar ɗan Yasir, ƙungiyar ISIS ta rusa wurin a 2014. Akwai wani kabarin da ake jingina masa a lardin Siirt na ƙasar Turkiyya, mutane na kai masa ziyara har yau.

Tunda ɗanka zai girma yana jin labarin mai sunansa, gara ka san wanda za ka ba shi da wanda za ka ajiye. Labarin da aka fi yayatawa shi ne wai da Uwais ya ji an karya wa Annabi haƙori a Uhudu, sai ya fasa haƙoransa duka don bai san wanne ne aka karya ba. Malaman hadisi sun ce wannan ba shi da asali, kuma shari'a ba ta yarda mutum ya cutar da jikinsa da sunan ƙauna ba. Ni abin da ke damuna da wannan labari shi ne yana rufe na gaskiyar. Yaro ya ji fasa haƙora, abin da ba zai iya ba kuma ba a so ya yi, ya manta da hidimar uwa, abin da zai iya kuma ake so ya yi. Haka labarin cewa ya zo Madina ya tarar Annabi ba ya gida ya juya saboda alƙawarin da ya yi wa mahaifiyarsa, masu ƙissa ne ke kawo shi, ba ya cikin ruwayar Muslim. A Istanbul akwai masallacin da aka gina a 1851, zamanin Sarki Abdulmajid, inda ake ajiye da wata alkyabba da ake cewa Annabi ne ya yi wasiyyar a kai wa Uwais, ana buɗe ta ga masu ziyara a watan Ramadan. Wannan ya nuna maka girmansa a zukatan mutanen can, amma batun alkyabbar shi ma ba ya cikin hadisin da ya inganta.

Sai laƙabinsa. Mun saba cewa Uwaisul Ƙarni, har wasu na zaton ana nufin gwarzon ƙarninsa, wato na zamaninsa. Daidai shi ne Al-Ƙarani, da wasali bisa a kan ra, jinginawa ga dangin Ƙaran. Ko manyan malamai an samu wanda ya zame a nan. Jauhari, masanin lugga, ya jingina shi ga Ƙarnul Manazil, miƙatin mutanen Najadu, Nawawi da wasunsa suka ce kuskure ne. Amfanin sanin wannan gare ka shi ne kada ka haɗa wa yaro da laƙabin a takarda. Shi ba ɗan dangin Ƙaran ba ne, Uwaisu kawai ya ishe shi.

Batun ƙaranci kuwa ya danganta da inda mutum yake tsaye. Sunan ya yi tafiya mai nisa, sai dai kowace al'umma ta lanƙwasa shi da harshenta har ka kasa gane shi. Turkawa suna cewa Veysel, suna ne sananne a wurinsu. Asalinsa Uwais el-Ƙarani ne, suka yanke shi a tsakiya, "el" ɗin da ke farkon laƙabin ya manne wa sunan. A Pakistan da Indiya ana rubuta Owais ko Awais, kuma ba baƙon suna ba ne a can. Daga shi aka sami sunan iyali Owaisi, kamar Asaduddin Owaisi da ke wakiltar Haidarabad a majalisar dokokin Indiya tun 2004. Somaliyawa suna cewa Aweys, kuma a wurinsu akwai dalili na biyu: Shehu Uwais na Barawa, wanda aka haifa a 1847, ya yi karatu a Bagadaza, ya dawo ya yaɗa Ƙadiriyya daga kudancin Somaliya har Zanzibar da cikin gabashin Afirka, aka kashe shi a 1909. Sarauta ma ta taɓa sunan. Shaikh Uwais na daular Jalayir ya mulki Bagadaza da Tabriz daga 1356 zuwa 1374.

A gidan Imamu Malik ma akwai shi. Isma'ila ɗan Abu Uwais, ɗan 'yar'uwar Malik ne kuma almajirinsa, Bukhari da Muslim duk sun karɓi hadisi daga gare shi, ya rasu a 226 bayan hijira. Wato tun ƙarni na biyu sunan na yawo a gidajen ilimi na Madina.

Sufaye sun ƙara masa wata shahara. Suna kiran wanda ya sami tarbiyya daga shehin da bai taɓa haɗuwa da shi ido da ido ba Uwaisi, don kamanta shi da Uwais da ya bi Annabi daga nesa. A Naƙshabandiyya, alal misali, ana cewa Baha'uddin Naƙshaband, wanda ya rasu a 1389, ya sami irin wannan tarbiyya daga Abdulkhaliƙ Gujduwani da ya riga shi da zamani mai tsawo. Malamai sun yi saɓani a kan wannan fahimta, ba kuma ita ka tambaya ba. Na kawo ta ne don tana cikin dalilan da suka sa sunan ya fi kama ƙasa a Turkiyya da tsakiyar Asiya da yankin Indiya.

Cikin masu jin Hausa, wanda ya fi fito da sunan fili shi ne marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, haifaffen Zariya a 1936, Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1995 zuwa 2006, wanda kuma ya jagoranci kwamitin gyaran dokokin zaɓe da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007. Da yawa ta dalilinsa suka fara jin kalmar, har wasu na ɗaukar ta sunan iyali ne kawai.

To me ya sa yayanka bai san masu sunan da yawa ba? A ganina dalilai uku ne suka taru. Musulmi a ko'ina sun fi karkata ga sunayen annabawa, da halifofi huɗu, da iyalan gidan Annabi, da Abdullahi da Abdurrahman waɗanda hadisi ya ce su ne mafi soyuwa ga Allah. Waɗannan sun cinye kaso mafi girma, ragowar sahabbai ma sai su yi ta jiran layi, balle tabi'i. Na biyu, suna gado ne. Mutum yakan mayar da sunan mahaifinsa ko kakansa ko malaminsa, saboda haka sunan da ya riga ya yi yawa sai ya ƙara yawa, wanda bai shiga dangi ba kuwa sai wani ya yi ƙarfin halin shigo da shi, kamar yadda kake shirin yi. Na uku, yara suna tashi da labarin Badar da Uhudu da Khaibar, suna jin Hamza da Khalid da Bilal. Uwais ba ya cikin waɗannan labaran, sai wanda ya zauna karatun hadisi ko ya ji wa'azin biyayyar iyaye yake cin karo da shi. Ba wani aibi ne ya rage shi ba.

Zan ƙara da wata magana, don na ga yadda ake rububin baƙin sunaye a 'yan shekarun nan. Iyaye na neman sunan da babu mai shi a layinsu, har a ɗauko kalmar da ba a san ma'anarta ba don kawai tana da daɗin faɗa. Ƙarancin suna shi kaɗai ba falala ba ne. In don a ce ɗanka ya fita daban ne kake son Uwaisu, to ka zaɓi sunan mutumin da ya bar wurin zamansa don gudun a nuna shi da yatsa, niyyar da sunan ba su jitu ba. In kuwa fatanka Allah ya ba ka ɗa mai jin ƙan mahaifiyarsa, wanda duniya ba ta rufe masa ido ba, to ka zaɓa da kyau. Sunan ba zai yi tarbiyyar da kansa ba, amma zai ba ka ƙofar shiga. Ranar da yaron ya ɗaga wa uwarsa murya, kana da labarin da za ka zaunar da shi ka ba shi, kuma labarin nasa ne.

Ka yi shawara da mahaifiyar yaron kafin ka yanke. Haƙƙin sa suna na uba ne idan an sami saɓani, amma ita za ta fi kowa kiran sa, kuma wannan suna musamman ya fi daɗi idan da yardarta aka sa shi. Yayanka kuma ka karanta masa hadisin Muslim ɗin nan da ladabi, kada ka mayar da abin gardama.

Wajen furuci, harafin farko alif ne mai hamza, na ƙarshe kuma sin. Akwai wani sunan iyali a ƙasashen Larabawa, musamman Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da ake rubutawa Al Owais da boko, amma shi da ain yake farawa, tushensu ba ɗaya ba ne. Akwai kuma kalmar awis, mai ain da sadi, wadda ke nufin abu mai wuyar fahimta, ita ma ba ruwanta da sunan ɗanka. Duk wanda ya kawo maka ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin ma'ana, rubutun boko ne ya ruɗe shi. Wasalin da muke ƙarawa a ƙarshe mu ce Uwaisu daidai yake da na Yunusu da Idrisu da Iliyasu, bai canza komai ba. Kamar da sunan ya yi da kalmar uwa kuwa dacewa ce kawai ta sauti, sai dai ka lura kada a gajarce masa shi zuwa haka, don yara ba su da wuyar mayar da abu tsokana.

Abu na ƙarshe, ka zaɓi rubutu ɗaya, ko Uwais ko Uwaisu, ka tsaya a kansa tun daga takardar haihuwa. Sunan da ake rubutawa ta hanyoyi da yawa, Uwais da Uways da Owais da Awais, yana jawo wahala idan takardar makaranta ta saɓa da fasfo, gyaran kuma yakan ci lokaci. In ka tambaye ni, Uwais za ka rubuta, don shi ya fi kusa da asalin kuma za a gane shi a duk ƙasar da ya je, a gida kuwa ku kira shi Uwaisu yadda harshe ya saba.

Allah ya albarkaci rayuwarsa, ya sa mai jin ƙanku ne. Wallahu a'alam.